Bangon Akwatin Hagu

Ƙarfe takwas da kwata na safiyar Laraba wayar ofis ta yi ƙara. Kofur ce ta ɗauka. Ta saurara, ta ce "to" sau uku, sannan ta ajiye a hankali.

"Yallaɓai, jirgin fito ya kife a tsakiyar kogi. Mutum ashirin da biyu ne a ciki. Masunta sun tsamo kowa da rai, ban da mutum ɗaya."

Sufeto ya ture kofin shayinsa gefe. Shekara ashirin da shida yana aikin ɗan sanda, babu dajin da bai shiga ba, babu lungun da bai leƙa ba, amma ruwan da ya wuce gwiwa ba ya wasa da shi, kuma duk ofishin an san da haka.

"An riga an jawo jirgin kan tudu," in ji Kofur tana miƙa masa hularsa. "Ko takalminka ba zai jiƙe ba."

Ya harare ta, suka fita.

A bakin gaɓa mutane sun cika maƙil. An shimfiɗe mamacin a gindin wata bishiya an rufe shi da zane. Malamin firamare ne da ke tsallakawa kullum da safe zuwa makarantarsa. Matarsa na zaune kusa da ƙafafunsa, ba kuka take ba, jakar littattafansa kawai take ta matsewa ruwa na ɗiga. Sufeto ya yi mata ta'aziyya, bai yi mata tambaya ko ɗaya ba. Ya san ba ta da amsar da yake nema.

Jirgin na katako ne, dogo, da inji a baya. A tsakiyarsa akwai benci biyu suna fuskantar juna, ɗaya a hagu ɗaya a dama, da 'yar hanya a tsakani. Ƙarƙashin kowane benci akwati ne na ajiya, kuma a ciki ake jera buhunan tsakuwa, biyar-biyar. Wani tsohon masunci ya yi masa bayani: jirgi dogo in ba shi da nauyi a ƙasa rawa yake yi a kan ruwa, buhunan nan ne ke zaunar da shi. Sharaɗin ɗaya ne, kowane buhu ya tsaya inda aka ajiye shi.

Na hagu ba su tsaya ba. Bangon akwatin hagu, wanda ke kallon hanyar tsakiya, ya ɓalle gaba ɗaya yana kwance a ƙasa, buhunan biyar sun gangara sun haɗu da na dama.

Sufeto ya durƙusa ya leƙa. A cikin akwatin akwai katako uku masu kauri a tsaye, matokaran da aka kafa don su ƙarfafa bangon. Ko tsagewa ba su yi ba. Sukurorin da suka riƙe bangon suna jikinsu tsirara, bakin kowanne da ɗan guntun katako. Ya sa farce ya kankari shuɗin fentin bangon. Fentin ya taso da laushi, ya liƙe masa a yatsa.

Mai jirgin, wanda kuma shi ne ke tuƙa abinsa, yana zaune a kan wata tsohuwar taya an lulluɓe shi da bargo.

"Yaya aka yi?"

"Yallaɓai, mun kai tsakiya sai ga wani kututture yana tahowa. Na karkata in kauce masa, kamar yadda na saba. Sai na ji ƙara, ɓam! Jirgi ya kwanta dama, bai sake tashi ba."

"Wa ya yi maka aikin akwatunan?"

"Babban Kafinta. Sati biyu ke nan. Dā buhu uku-uku nake sawa, da na ƙara suka zama biyar-biyar sai ya ce dole a ƙarfafa bango."

"Tun daga ranar an sake taɓa jirgin?"

"Ko kusa."

"Fentin fa?"

"Duk rana ɗaya aka yi."

Sufeto ya dubi yatsansa, ya goge a jikin tayar. Bai san komai a kan jirgi ba, amma ya taɓa yi wa ƙofar gidansa fenti, ya kuma san fentin sati biyu ba ya bin mutum.

Kafin su bar wurin sunan Babban Kafinta ya riga ya zagaye gaɓar. Wasu samari har sun fara neman sanduna. Sufeto ya bar 'yan sanda biyu su tsare jirgin, shi da Kofur suka yi gaba.

Rumfar kafintocin tana can sama da tashar jirage, tafiyar minti goma. Rufin kwano ne a kan ginshiƙai, ƙasa duk garin katako, ga ƙamshin gam da man fenti. 'Yan'uwa biyu ne ke aiki a ciki. Babban ya haura saba'in, yana zaune a kan kujera sanye da baƙin tabarau. Ɗayan kowa Ƙarami yake ce masa, duk da cewa gemunsa ya yi fari fat, kuma jikokinsa sun isa aike.

Sufeto bai gama sallama ba tsohon ya miƙe.

"Ni ne, Yallaɓai. Na je na gani da idona. Aikina ne, laifina ne. Mu tafi."

Har hannayensa ya miƙo.

A aikin nan Sufeto ya ga masu kuka, ya ga masu rantsuwa da abin da ba su taɓa riƙewa ba, ya ga masu suma na ƙarya. Wanda ya fi ba shi tsoro shi ne mai saurin cewa "ni ne". Sai ya yi kamar bai ji ba, ya shiga zagaya rumfar hannu a baya.

Akwai wani jirgi a ɗore kan turaku ana aikinsa. Shi ma da akwatunansa biyu. Amma matokaransa a waje suke, ta gefen hanyar tsakiya, kowanne an ratsa shi da dogon noti uku da suka huda bangon suka fito ta ciki aka ɗaure.

"Baba, ka yi haƙuri da jahilcina. Waɗannan ba za su riƙa bugun ƙafar fasinja ba? Me zai hana a ɓoye su a ciki?"

Tsohon ya manta da hannayen da ya miƙa. Ya tako da sauri har yana tuntuɓe.

"A ciki? Zo nan." Ya ja Sufeto zuwa ƙofar ɗakin da suke ajiye kayan aiki. "Shiga ka turo ƙofar nan."

Sufeto ya shiga ya tura. Tsohon ya jingina kafaɗarsa daga waje, ƙofa ta ƙi motsi.

"Ka gani? Kai ne buhu, ni ne matokari. Da ƙarfinka da komai, tsoho ya tare ka. To yanzu in shigo ciki tare da kai, in riƙe ƙofar da farce, ka tura mu gani. Matokari a ciki ado ne kawai. Nauyi na tura bango, bango na gudun matokari, babu abin da ya rage sai bakin sukuru. Gara ƙafar fasinja ta bugu sau ɗari. Shekara arba'in da biyar ban taɓa..."

Sai ya saki ƙofar.

"Ba ka taɓa me ba, Baba?"

Tsohon ya kawar da kai.

"Na jirgin da ya kife a ciki suke."

"Tsufa ne," in ji tsohon a hankali. "Tsufa babu abin da ba ya sawa."

Ƙarami ya kawo wa Sufeto ruwa a kofi. Babban yatsansa na dama yana da wani tsohon tabo da ya raba shi biyu, irin wanda zarto ke bari.

"Kai fa, Malam? Ka sa hannu a aikin?"

"Ni? Yankan katako da shafa fenti ne nawa, Yallaɓai. Yaya ba ya bari in taɓa akwati." Ya saci kallon wansa. "Gaskiya dai kwanan nan idonsa ba ya gani sosai."

"Yaushe ka yi wa jirgin fenti?"

"Ranar da aka gama aikin. Sati biyu."

Hayaniyar samari ta fara matsowa. Sufeto ba shi da zaɓi. Mutum ya amsa laifi da bakinsa, ga kuma masu sanduna a hanya. Ya sa tsohon a mota, amma ya hana Kofur fito da ankwa.

Shugaban ofis bai ga abin ɓata lokaci ba. Akwai gawa, akwai bangon da ya ɓalle, akwai wanda ya ce shi ne. Ya ce a rubuta sakaci da ya jawo asarar rai, a kai shi kotu ranar Litinin. A shekarun tsohon, ko shekara biyar aka yanke masa, da wuya ya fito da ƙafarsa. Sunan da ya yi shekara arba'in da biyar yana ginawa kuwa, wannan tun da safe ya nutse.

Sufeto ya ɗauki biro ya ajiye ya fi sau biyar.

"Yallaɓai, takardar nan ba za ta rubuta kanta ba," in ji Kofur.

"Kin ga yadda ya tare ƙofar nan? Mutumin da ya manta aikinsa ba ya tare ƙofa haka."

"To wa yake karewa?"

"Ina da zato. Amma zato ba ya shiga fayil."

Washegari da hantsi wata dattijuwa ta shigo ofis riƙe da leda, ta tsaya gaban kanta ta ƙi zama. Matar Babban Kafinta ce.

"Maganin idonsa na kawo. Sau huɗu a rana ake ɗiga masa, kuma in ba a tsaya a kansa ba ba zai sa ba. Wace ce mai haƙuri a cikinku?"

Sufeto ya fito da kansa, ya jawo mata kujera.

"Mama, me ya sami idon?"

"Au, bai gaya muku ba? Ai ba zai faɗa ba, shi namiji. Yanar ido aka cire masa ranar Litinin. Tun sassafe muna asibiti. Likita ya ce kwana biyu kada ya kusanci ƙura. Na san halin kayana, sai na ɓoye masa takalma. Litinin da Talata ko ƙofar gida bai taka ba. Jiya ne ya fara fita, ka ga abin da ya tarar."

"Wa ya riƙe rumfa?"

"Wa kuwa, in ba Ƙarami ba? Ai ya sha iska kwana biyun nan. Shekara talatin da wani abu suna musu a kan inda ake kafa ƙusa. In suka fara, ni fita nake in bar musu gidan."

"Daga gidanku ana hango rumfar?"

"Daga tagar kicin ma."

"Ranar Litinin kin ga wani jirgi a wurin?"

Ta buɗe baki, sai ta tsaya. Mace ce mai kaifin hankali, kuma a daidai lokacin ta gane inda tambayar ta dosa. Sufeto ya ga fuskarta ta canja, tausayinta ya kama shi, don ya san kowace amsa ta bayar gidanta za ta taɓa.

"Shuɗin nan da ya kife," ta ce da ƙyar. "Da muka dawo da azahar yana nan. Har yamma ina jin ƙarar aiki."

Ta ajiye ledar a kan tebur. "Ni na yi wa yaron nan wanki tun yana makaranta," ta ce, ba da kowa take ba. Sannan ta tashi ta fita.

Suka koma gaɓa. Jirgin ya bushe a rana, mai shi yana zaune a inuwarsa. Sufeto ya sa aka ɗaga bangon da ya ɓalle aka jingina shi, ya tsaya daga gefe yana kallonsa a karkace, yadda haske ke kwanciya a kansa.

Fuskar bangon sumul take, gwanin sha'awa. Amma in an kalle ta a karkace, akwai 'yan wurare da suka ɗan lotsa, kowanne kamar faɗin maɓallin riga. Kofur ta ƙirga. Tara ne, uku-uku a jere.

Sufeto ya sa mabuɗin mota ya ƙwaƙule ɗaya. Garin katako ne da aka kwaɓa da gam aka cusa. Ƙarƙashinsa rami ne da ya ratsa katakon.

"Ramin noti," in ji Kofur. "Ashe dā a waje suke."

Suka juya bangon. Ta ciki ba a yi fenti ba, tunda ba mai leƙawa. Wanda ya toshe ramukan ya danna kowanne da babban yatsa, gam ya bushe da shatin. A duk taran akwai layi ɗaya da ya raba shatin biyu.

Sufeto ya daɗe yana kallo. Bai ji daɗin da yake ji in ya kama bakin zare ba. Ya juya wurin mai jirgi.

"Jiya ka ce min ba a sake taɓa jirgin ba."

"Yallaɓai..."

"An gan shi a rumfa ranar Litinin. Ka faɗa min a nan, ko ka faɗa a ofis. A nan ya fi iska."

Mutumin ya yi tsuru-tsuru, sai ga hawaye.

"Fasinja ne suka dame ni. Kullum sai wani ya buge ƙauri, wata mata har zanenta ya yage ta yi min tas. Na koma wurin Baba, ya ce in ba na so in canja kafinta. Ranar Litinin na ji ba ya nan, na kai wa Ƙarami. Ya ce shi dā ma ya daɗe yana faɗa, aikin Yaya aikin dā ne, zai mayar da su ciki ba abin da zai faru. Wallahi da ya gama har tafa masa na yi."

"Me ya sa ka ɓoye?"

"Jiya Ƙarami ya same ni a nan, kafin ku iso. Ya ce in na yi magana tare za mu tafi gidan yari."

"Tashi ka shiga mota. Za ka maimaita a rubuce."

Ƙarfe uku da rabi Sufeto ya fito da Babban Kafinta daga ɗakin tsaro. Kofur ta ɗiga masa magani, ya zauna shiru kamar yaron da ake yi wa aski. Suka nufi rumfa da bangon a bayan mota.

Ƙarami na goge wani katako. Da ya ga wansa ya sunkuyar da kai. Da ya ga abin da aka ɗora a kan teburin aiki, hannunsa ya tsaya.

"Malam, ina kake ranar Litinin?"

"Kasuwar katako na je."

"Wa ya gan ka?"

"Mutane da yawa."

"Faɗi ɗaya."

Ƙarami ya ci gaba da kallon bangon.

"Miƙo hannunka na dama."

"Yallaɓai," in ji tsohon, "na ce maka ni ne. Me kuma kake nema?"

"Baba, ranar Litinin idonka a ɗaure yake, takalmanka kuma suna hannun Mama."

Sufeto ya kama babban yatsan Ƙarami ya ajiye shi kusa da shatin da ke jikin gam. Tabon da layin suka yi daidai.

"Za mu aika a gwada, don haka doka ta ce. Amma ni da kai mun riga mun sani."

Ƙarami ya lashi leɓe. "Toshe ramuka ai aikina ne. Abin da aka ce in toshe nake toshewa."

"Ni na sa shi," tsohon ya yi caraf. "Ni na aiko masa daga gida. Na ce a cire a mayar ciki. Dabarata ce, shi hannu kawai ya sa."

Sufeto ya buɗe baki zai yi magana, amma bai samu dama ba. Ƙarami ya ɗago kai yana kallon wansa, jijiyoyin wuyansa sun tashi.

"Dabararka?"

"Yi shiru, Ƙarami."

"Ba zan yi ba! Yaushe ta zama dabararka? Shekara nawa ina ce maka a mayar da su ciki kana ce min in je in kaɗa fenti? Shekara talatin da huɗu, Yaya. Duk jirgin da ya fita daga rumfar nan da hannuna a ciki, amma jirgin Babban Kafinta ne. In na yanka daidai, kai ka auna. In na kawo shawara, yaro ne ya yi magana. Ina da jika bakwai! Sau ɗaya na yi abu da kaina, daga farko har ƙarshe, shi ma sai ka karɓe?"

Kofur ta ciro littafinta a hankali.

"Ni na yi," in ji Ƙarami, muryarsa ta sauka. "Ni na kwance notin, na mayar da matokaran ciki, na ɗaure da sukuru ta baya don kada a ga komai a fuska. Na hau na yi tsalle a kai, na tura da ƙafa, bai motsa ba. Na ce in ya yi wata ɗaya yana aiki zan kira Yaya in nuna masa. Abin da nake so ke nan, ya gani, ya ce ya yi. Ban san malamin nan ba. Ban nufi kowa da sharri ba."

"Amma ka bar wanka ya kwana a tsare," in ji Sufeto.

"Shi ya miƙa kansa. Haka yake yi tun muna yara, ba ya tambayata." Ya share fuska da hannun riga. "Na kuma bar shi. Wannan ba ni da abin cewa a kai."

Tsohon ya laluba kujera ya zauna. Ya cire tabarau, idon da aka yi wa aiki ja wur yana ruwa.

"Yana shekara shida mahaifiyarmu ta rasu," ya ce da Sufeto. "A bayana ya girma. Ni na kusa gama nawa, shi yana da sauran iyali a gaba. Don Allah, Yallaɓai, wa zai cutu in an bar shi a yadda na faɗa?"

Sufeto ya dube shi. Yana ganin girman tsohon, kuma a ransa yana jin haushinsa, don irin wannan alherin ne ya kai su inda suke.

"Baba, matar malamin nan za ta zo ta tambaye ni abin da ya kashe mijinta. Ba zan ba ta sunan da na san ba shi ba ne."

Tsohon ya gyaɗa kai. Ya ɗauki ɗaya daga cikin sukurorin da aka zube a kan tebur yana juya shi a yatsunsa, yana auna ɗan bakin da ya shiga katako. Sai hannunsa ya tsaya cak. Ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Kwana biyu na yi a gida."

Ƙarami ya sunkuyar da kai.

"Litinin ka yi shuɗin. Talata fa? Me ka yi ranar Talata?"

"Yaya..."

"Jirgi nawa, Ƙarami?"

"Biyu."

"Wanne?"

"Farin nan. Na 'yan kasuwa."

Kofur ta dubi agogonta. "Ƙarfe huɗu yake tashi, Yallaɓai. Saura minti goma sha biyu. Mutum arba'in yake ɗauka."

Sufeto ya riga ya ciro waya. Ya kira 'yan sandan da ke gaɓa ya ce su tsare farin jirgi, ko mutum ɗaya kada ya taka shi, wanda ya shiga a fito da shi. Bai kashe ba sai da ya ji da kunnensa an kashe injin.

Tsohon bai ɗauke ido daga kan ƙanensa ba.

"Jiya ka ga gawar mutumin nan. Ka dawo nan ka zauna. Jirgin nan ya fita jiya da yamma, ya fita yau da safe, cike da mutane, kana ji kana gani."

"In na je na taɓa shi za a gane. Na ce ko tuƙin wancan ne ya jawo, wannan zai riƙe..."

"Ka ce."

"Yaya, tsoro na ji."

"Ni kuma ina can na rufe bakina, ina ganin taimakonka nake." Tsohon ya girgiza kai. "Da an kai ni kotu ranar Litinin, da shi ke nan, ba mai sake leƙa akwatin kowa."

Ya miƙe. Ya mayar da tabaransa, ya je jikin ginshiƙi ya sauko da jakar kayan aikinsa. Ya buɗe wani gwangwani ya ƙirga dogayen noti goma sha takwas ya zuba a ciki.

"Yallaɓai, an sallame ni?"

"An sallame ka, Baba. Amma likita ya ce ban da ƙura."

"Kwana biyu ya ce. Sun cika."

Kofur ta sa wa Ƙarami ankwa. Bai yi gardama ba, wansa kawai yake bi da kallo.

"Yaya."

Tsohon ya tsaya a bakin rumfa, bai juyo ba.

"Zan riƙe iyalinka. Zan zo in gan ka duk ranar da aka ba da dama. Amma in alƙali ya tambaye ni, abin da na gani zan faɗa."

Ya saɓa jakar a kafaɗa ya gangara hanyar tasha, yana taka ƙasa a hankali saboda ido ɗaya ne ke yi masa aiki. Ƙarami ya tsaya yana kallonsa har ya sha kwana. Sannan Kofur ta taɓa gwiwar hannunsa, ya sunkuya ya shiga mota.